Tafki, fadamar tsakuwa, inji ko filin shanya: wanne ƙaramin gari zai zaɓa don kare rafinsa?

Duk garin da ya fara cika a Jihar Kaduna, irin su Saminaka, Kachia, Makarfi, Zonkwa ko Ikara, akwai ranar da maganar ruwan ƙazanta za ta zo gaban majalisar ƙaramar hukuma ko taron ƙungiyar ci gaban gari. Lambatu yana tsiyaya cikin rafi dare da rana, masu kwasar masai suna juye abin da suka kwaso a bayan gari, masu lambu kuma suna can gangare suna ban ruwa da shi. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa akwai kuɗin aiki, daga gwamnati ko daga masu ba da tallafi, sai kan mutane ya rabu. Wani ya ce a sayo inji irin na Abuja, wani ya ce a haƙa tafkuna, wani ya ce ya ji ana tace ruwa da ciyawa. Wannan rubutu na wanda yake zaune a irin wannan taro ne, wanda dole ya goyi bayan ɗaya daga ciki.

Abin da gari ya zuba a rafinsa ba a nan yake tsayawa ba. Kubanni yana shiga Galma a Zariya, Galma ya shiga Kogin Kaduna, kuma daga wannan kogin ne matatar ruwa ta Malali take ɗibar abin da mutanen birnin Kaduna suke sha. Ta yamma Mariga yana gangarawa ya haɗu da Kogin Kaduna. Ta kudu akwai Gurara, wanda madatsarsa take taimaka wa Abuja da ruwa. Lokacin da abin ya fi muni shi ne rani, daga Janairu zuwa Afrilu: rafi ya ja baya, babu ruwan da zai surka ƙazantar, kuma daidai lokacin ne ake ban ruwan latas da kabeji da karas, kayan da ake ci ɗanye. A shekarar 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a Arewa. Hanyar wannan cuta ɗaya ce, daga bahaya zuwa ruwa zuwa baki.

Ma'aunin da za a yi amfani da shi

Kafin a kai ga zaɓi akwai tambayar da ake yawan tsallakewa: ta yaya ƙazantar za ta isa wurin tacewar? A ƙananan garuruwanmu babu bututun ƙarƙashin ƙasa da ke haɗa gidaje. Bahaya yana shiga masai ko sokawe, ruwan wanka da wanki yana fita ta kwata. Tafki da fadamar tsakuwa da inji duk suna jiran ruwa ne ya zo musu ta bututu, kuma shimfiɗa bututu a gari sau da yawa ya fi gina matatar kanta tsada. Bututun ma ba ya aiki sai gidaje suna da ruwan da zai kora ƙazanta. Inda ake sayen ruwa a jarka daga 'yan ga-ruwa, toshewa zai yi.

Bayan wannan sai abubuwa shida: kuɗin gini, kuɗin gudanarwa na kowane wata, girman fili, dogaro da wutar lantarki, irin ma'aikacin da ake buƙata, da ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta. Ni a wurina kuɗin gudanarwa da ma'aikaci sun fi sauran nauyi. Kuɗin gini sau ɗaya ake nema, ana kuma samun mai bayarwa. Kuɗin man janareta da albashi kuwa kowane wata suke dawowa, kuma a aljihun ƙaramar hukuma suke sauka bayan ɗan kwangila ya tattara kayansa. Akwai kuma abin da za a riƙa tambaya a kowane zaɓi: ranar da abin ya lalace, me zai shiga rafi?

Don lissafi ya fito fili, mu ƙaddara gari mai mutum 20,000, kowa yana amfani da lita 50 a rana. Kusan kashi 80 cikin 100 na wannan ruwa yana komawa dagwalo, wato lita 800,000 kullum.

Tafkunan tacewa

Waɗannan tafkuna ne da ake haƙawa a jere, ruwa yana gangarawa daga wannan zuwa wancan ba tare da famfo ba idan ƙasar tana da gangara. Na farko mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5. A cikinsa dauɗa mai nauyi take kwantawa, ƙwayoyin bakteriya marasa buƙatar iska su cinye fiye da rabin ƙazantar cikin 'yan kwanaki idan akwai zafi. Na biyu ya fi faɗi, zurfinsa kamar mita ɗaya da rabi. A nan gansakuka take tsirowa, ruwan ya zama kore, hasken rana ya sa ta fitar da iskar oksijin da sauran bakteriya suke aiki da ita. Na uku, da na huɗu idan akwai fili, ba su wuce zurfin mita ɗaya ko ɗaya da rabi ba, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta da rana da daɗewa. Gaba ɗaya ruwan yakan yi mako uku zuwa huɗu kafin ya fita.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a jihar nan, Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da irin waɗannan tafkuna a Samaru. Birnin Wagadugu na Burkina Faso, mai zafi da ƙarancin ruwa fiye da mu, da su yake tace ruwansa a Kossodo, haka ma Nairobi a Dandora. Zafin da muke kuka da shi a Maris da Afrilu shi ne ƙarfin wannan tsari. Sanyin hunturu yana rage masa sauri, shi ya sa injiniya mai hankali yake auna girman tafkin da watan da ya fi sanyi, Disamba ko Janairu.

Tsadarsa tana cikin fili. Kowane mutum yana buƙatar kamar murabba'in mita 2 zuwa 4, wato garin da muka ƙaddara zai nemi hekta 4 zuwa 8. Filin da ya dace kuma shi ne na gangare kusa da rafi, wato fadamar da manoma suka fi so. Ba a wasa da maganar diyya a nan. A zauna da masu gona da dagaci da hakimi tun farko, a biya su, a yi takarda a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, da sunan gari, har da ƙarin fili na shekaru 20 masu zuwa, don gari ba ya raguwa. Idan ƙasar yumɓu ce, a daddaɓe ta kawai ta riƙe ruwa. Idan mai yashi ce sai an shimfiɗa leda mai kauri, kuɗi ya ƙaru sosai, amma in ba a yi ba rijiyoyin kusa ne za su sha.

Aikin yau da kullum bai fi ƙarfin mutum biyu ko uku ba: kwashe ledar fiya wata da tsummoki daga ragar bakin shiga, fitar da yashin da ya taru, yanke ciyawar gefe, kwashe kainuwa idan ta fara rufe ruwa. Ciyawar gefe ita ce gidan sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsagiya, don haka yankanta ba ado ba ne. Bayan shekara biyu zuwa biyar sai a yashe laka daga tafki na farko, kuma wannan ne aikin da ake yawan mantawa da shi har tafkin ya cike. Ma'aikaci na iya gane lafiyar tafki da ido: kore mai kyau alama ce ta lafiya, idan ya koma baƙi ko ja yana wari, an ɗora masa fiye da ƙarfinsa.

Haɗarinsa guda uku ne. Wari, idan an matse girman tafki na farko ko an kai shi kusa da gidaje, shi ya sa ake son tazarar aƙalla mita 200, in da hali 500, kuma a duba inda iska take kaɗawa. Yara da dabbobi, don tafki mai zurfin mita uku mai santsin gefe na iya cin rai, dole a kewaye shi da waya a sa mai gadi. Sai ambaliya a Agusta da Satumba: a ɗaga bakin tafkin sama da inda dattawan gari suka san ruwa ya taɓa kaiwa, kuma kada a bar ruwan sama na lambatu ya shiga, a yi masa hanyar wucewa daban. Amma ko an yi sakaci da tafki na wasu watanni, yana ci gaba da aiki, sai dai ingancin ya ragu a hankali. Wannan hali nasa ne ya sa nake fifita shi.

Fadamar tsakuwa

Rami ne mai faɗi, zurfinsa kamar santimita 60, a shimfiɗa masa leda ko yumɓu, a cika shi da tsakuwa, a shuka ciyawa mai son ruwa a kai. Ruwan yana bi ta ƙarƙashin tsakuwar, ba a ganinsa, don haka babu wari sosai, babu sauro, babu yaron da zai faɗa. Bakteriyar da ke manne a jikin tsakuwa da saiwoyi ita take cin ƙazantar. Jema, wadda muka sani ana zana da ita, tana da saiwa mai zurfi kuma tana jure irin wannan ruwa. Kachalla ma tana yi, amma wanda ya ga yadda ta shaƙe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru ba zai so ya kawo ta kusa da rafin garinsu ba.

Sharaɗinta shi ne ruwan ya fara bi ta tanki mai ɗakuna, inda dauɗa za ta kwanta, kafin ya shiga tsakuwa. Idan aka tsallake wannan, ko aka daina kwashe tankin, tsakuwar takan toshe, ruwa ya taso sama, gyaran kuma shi ne a tono duka a wanke ko a sauya. Ko da kulawa mai kyau, bayan shekara 10 zuwa 15 a sa ran wannan aiki.

Lissafin tsakuwa shi ne yake yanke hukunci. Ko da murabba'in mita 2 ga kowane mutum, garin mutum 20,000 zai ci hekta 4, tsakuwar da za ta cika su kuma kubik mita 24,000 ce, dubban tifa ke nan. Makarantar kwana mai ɗalibai 500 kuwa kubik mita 600 ya ishe ta. Don haka hanya ce mai kyau ƙwarai ga makaranta, asibiti, rukunin gidaje ko babban masallaci da coci, amma ta yi wa gari guda nauyi. Ba ta kashe ƙwayoyin cuta kamar jerin tafkuna, sai an ƙara mata ƙaramin tafki a ƙarshe idan za a yi ban ruwan kayan lambu.

Injin hura iska

Wannan shi ne abin da mutane suke nufi idan sun ce matata ta zamani. A Manchester ta Ingila aka gano hanyar a 1914, kuma irinta ce take aiki a Wupa, matatar ruwan ƙazanta ta Abuja. Ana tara ruwan a tankin kankare, injuna suna hura masa iska ba tsayawa, bakteriya ta yi yawa ta cinye ƙazantar cikin sa'o'i maimakon makonni. Daga nan ruwan ya shiga wani tanki laka ta kwanta, a mayar da wani ɓangarenta baya, a fitar da saura.

Alherinsa a fili yake. Garin mutum 20,000 ba zai buƙaci ko hekta ɗaya ba, ruwan da ke fita garau yake, kuma idan komai yana tafiya daidai ya kan cire kashi 90 cikin 100 na ƙazantar ko fiye. Sai dai bakteriyar nan tamkar dabbar turke take, kullum sai an ba ta abinci da iska. Idan wuta ta ɗauke na dogon lokaci ta mutu, tankin ya yi ɗoyi, kuma sai an yi makonni kafin ta farfaɗo. A kan kowace lita 1,000 ana cin kusan rabin yunit na lantarki, wato garinmu zai ci yunit 400 a rana, ƙananan injuna ma sukan wuce haka, dare da rana, ranar sallah da ranar kasuwa. Duk wanda ya san yadda wuta take a ƙananan garuruwan jihar nan ya san janareta ne zai ɗauki mafi yawan nauyin. Sola na iya taimakawa da rana, amma dare sai batura masu tsada.

Sai kayan gyara. Injin hura iska da famfuna da allon sarrafa wuta yawanci daga waje ake kawo su, da dala, kuma shekara 10 zuwa 15 ce rayuwarsu ko da ginin kankaren zai fi haka daɗewa. Ana buƙatar ma'aikaci mai horo da zai auna ruwan kullum, da makanike da mai gyaran wuta a kusa. Ga wani abin da masu tallar inji ba su cika faɗa ba: ruwa garau ba ruwa mai lafiya ba ne. Injin ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata sai an ƙara sinadarin kulorin ko fitilar kashe ƙwayoyi, wani kuɗin ke nan na kowane wata. Ranar da ya tsaya kuwa, duk ƙazantar garin da aka tara ta bututu a wuri ɗaya take shiga rafi ɗanya, ta baki ɗaya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Masai da sokawe masu kyau, da filin shanya laka

Wannan zaɓi ba shi da kwarjini a takardar kwangila, amma shi ne ya yi daidai da yadda garuruwanmu suke a yau. Ana barin kowane gida da masai ko sokawensa, a gyara waɗanda suka lalace, a tabbatar sun yi nisan kamar mita 30 da rijiya, sannan gari ya gina wuri ɗaya da doka ta ce nan ne kaɗai motar kwasa da masu kwasa da hannu za su juye. Wurin gadaje ne na kankare, ƙasansu tsakuwa, samansu yashi. A zuba lakar da aka kwaso daga masai kaurin santimita 20 zuwa 30, ruwan ya tsiyaye zuwa ƙaramin tafki, saura ya bushe cikin mako biyu zuwa uku da rani. Da damina sai da rumfa, musamman a kudancin jihar, wajen Kafanchan da Kagoro, inda ruwan sama ya fi yawa. Hekta ɗaya na iya isar garin da muka ƙaddara.

Manomanmu sun daɗe da sanin darajar wannan taki, wasu har roƙon direban mota suke ya juye musu a gona. Haɗarin shi ne ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa da rai ko laka ta bushe. Dole a ajiye ta wata shida zuwa shekara, ko a haɗa ta da shara mai ruɓewa a yi takin da zai yi zafi sosai, kafin a kai gona.

Kuɗin gininsa ya fi na kowa sauƙi, ba ya son wuta, ba ya son bututu. Wahalarsa ta mutane ce. Idan wurin ya yi nisa, ko kuɗin juyewa ya yi yawa, direba zai koma rafi da dare. Gara a bar juyewa kyauta a farko, a yi wa masu kwasa rajista, a sa duba-gari da masu unguwa su sa ido. Masu kwasa da hannu su ne suka fi kowa shan wahalar wannan aiki, iskar cikin rami tana kashe mutum cikin mintuna, kuma sun cancanci safar hannu da takalmi da famfon zuƙa da mutunci. Gazawar wannan hanya ita ce ba ta taɓa ruwan kwata, wanki da wanka za su ci gaba da gangarawa.

| | Tafkuna | Fadamar tsakuwa | Injin hura iska | Filin shanya laka |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin gini | matsakaici, ya danganta da diyyar fili | mai yawa ga gari, daidai ga makaranta | mai yawa | kaɗan |
| Kuɗin wata-wata | kaɗan | kaɗan | mai yawa ƙwarai | kaɗan zuwa matsakaici |
| Fili ga mutum 20,000 | hekta 4 zuwa 8 | hekta 4 ko fiye | ƙasa da hekta 1 | kamar hekta 1 |
| Lantarki | babu, in akwai gangara | babu | dare da rana | babu |
| Bututu | dole | gajere | dole | babu |
| Ma'aikaci | lebura mai horo kaɗan | lebura mai horo kaɗan | ƙwararre | lebura da mai sa ido |
| Kashe ƙwayoyin cuta | sosai | matsakaici | sai da kulorin | sai an ajiye laka ta daɗe |
| Idan an yi sakaci | yana raguwa a hankali | yana toshewa | yana tsayawa cak | masu kwasa su koma rafi |

Ko wanne aka zaɓa, kada a sa hannu a kwangila sai an auna ainihin ruwan garin da rani da damina, an kuma gwada ƙasar filin. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana Mando a nan Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen injiniyan ruwa da muhalli, hukumar KEPA kuma ita ke sa ido kan muhalli a jiha. A rubuta cikin yarjejeniya irin ruwan da zai fita. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 don ban ruwan kayan da ake ci ɗanye shi ne kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita, kada bakteriyar bahaya ta wuce 1,000 a mililita 100. Jerin tafkuna masu kyau suna kaiwa nan ba tare da sinadari ba.

Wanne ya dace da wa

Garin da ba shi da ruwan famfo a gidaje, mutane suna dogara da rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa, ya fara da filin shanya laka. Mafi yawan garuruwanmu a nan suke. Da ɗan abin da ya rage a tare bakin babban lambatu da raga, a karkatar da ruwan da yake tsiyaya da rani zuwa ƙaramin tafki kafin ya shiga rafi, a bar ruwan damina ya wuce ta gefe.

Garin da famfo yake zuwa a kai a kai, tsakiyarsa ta cushe har babu wurin haƙa sabon masai, kuma yana da fili a gangare, ya nemi tafkuna tare da bututu a unguwannin da suka fi cunkoso. Ya sayi filin yanzu ko da ginin sai baɗi, don filin bakin gari ba ya jiran kowa. Idan akwai masu noman rani a ƙasa, wannan ne zaɓin da zai ba su ruwa mai taki ba tare da cuta ba.

Makarantar kwana, kwaleji, tsangaya mai almajirai da yawa, ko rukunin gidajen ma'aikata, su yi tanki mai ɗakuna da fadamar tsakuwa, su sa kuɗin kwashe tankin cikin kasafin kowace shekara. Asibiti ma zai iya bin wannan, amma ya ƙara kulorin a ƙarshe.

Injin hura iska na wanda ba shi da fili ne amma yana da kuɗin shiga na kullum da janaretan da ba ya kwana: masana'anta, babban otal, ko birni mai hukumar da ke karɓar kuɗin aikin daga jama'a. Ƙaramar hukumar da aka yi wa tayin inji kyauta ta tambayi mai bayarwa wa zai biya mai da albashi da kayan gyara na shekara goma, ta kuma ga amsar a rubuce.

Mayanka da marina da majema kuwa kada a haɗa ruwansu da na gari kai tsaye. Jini da tumbi suna da nauyin da zai fi ƙarfin tafki, sinadarin rini da na jima kuma yana kashe bakteriyar da ake dogara da ita. Mayanka ta tara jini daban, ta kai abin cikin tumbi wurin taki, ta yi nata tankin da zai tare kitse, sannan abin da ya rage ya shiga bututun gari.